Abin da na koya a ajin ɗanɗanar man zaitun a Jaén

Ranar farko malamar ta kore ni daga aji. Na yi wanka, na fesa turare kamar mai zuwa masallacin Juma'a, ina shiga ta ɗago kai ta ce in je in wanke jikina in dawo da rana. A ɗakin ɗanɗanar mai ba a shiga da turare ko warin taba, ko gahawa ba a sha gab da zaman. Hanci ne jarin mai wannan aiki, ni kuwa na zo na toshe na mutum goma.

Kwas ne gajere na yi a lardin Jaén, kudancin Sifaniya, lokacin ina karatun kimiyyar abinci. Itatuwan zaitun a lardin sun haura miliyan 60, ko'ina ka duba layi-layi ne har kan duwatsu. Yawancinsu irin da ake kira Picual ne.

Ana zuba man a ƙaramin kofin gilashi shuɗi, don kada launi ya ruɗe ka. Kore ko ruwan zinare, ba shi ne inganci ba. A rufe bakin kofin, a ɗumama shi zuwa wajen digiri 28, sannan ka buɗe ka shaƙa. Sai ka kurɓi kaɗan, ka ja iska ta tsakanin haƙora da wata ƙara wadda a gida za a ce ba ka da tarbiyya. Tsakanin kofi da kofi, yankan tuffa da ruwa.

Kofin farko ya shaƙe ni, na yi ta tari har da hawaye. Na rubuta a takardata cewa man ya lalace. Kofi na uku kuwa na ji shi lafiya lau, babu ɗaci babu maƙaƙi, ƙamshinsa sak man zaitun ɗin da na taso ina gani a shagunan maganin Musulunci. Na ba shi maki mai yawa. Ashe shi ne gurɓataccen da aka saka don a gwada mu, tsohon mai da iska da haske suka gama da shi. Wanda ya sa ni tari shi ne sabon matsa. Ɗacin da maƙaƙin alamar sinadaran da ke cikin ɗanyen zaitun ne, ɗaya daga cikinsu ana kiransa oleocanthal, shi ke kama maƙogwaro. Shekara da shekaru abin da harshena ya haddace a matsayin man zaitun, aibinsa ne. Na tuna kwalaben nan farare da ake jerawa a rana a bakin masallaci, na yi shiru.

A ƙa'idar majalisar zaitun ta duniya da ke Madrid, mai ba ya hawa matakin farko na inganci sai tsaminsa a gwajin na'ura bai wuce kashi 0.8 cikin ɗari ba, kuma kwamitin masu ɗanɗano, mutum 8 zuwa 12, bai ji aibi a cikinsa ba. Gwajin na'ura kaɗai bai isa ba.

Ƙarshen mako aka kai mu ƙauyukan da ke kusa da Úbeda da Baeza, garuruwan da UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2003. Gidan matsar mai suna kiransa almazara, daga Larabci, haka ma sunan man kansa a Sifaniyanci. Mai gonar da ya karɓe mu bai zubar da tsohon dutsen niƙan kakansa ba, da fayafayen saƙar ciyawa da ake jera niƙaƙƙen zaitun a kai a matse. Ya share ɗakin, ya sa fitila, baƙi na biyan kuɗi su gani, su ɗanɗana, su ci, su fita da kwalba a hannu. Abincin ma ba na a zo a gani ba ne: gasasshen burodi da tumatir da gishiri, a kwarara mai, sai pipirrana, kwaɗon tumatir da koren tattasai da dafaffen ƙwai. Ochío, wani ɗan burodi mai jan barkono, sai da na tambaya kafin in taɓa, don sau da yawa da naman alade ake cusa shi.

Na dawo gida da kwalba ɗaya mai duhu, na nannaɗe ta cikin kaya. Hajiya ta lasa a cokali, ta yi tari, ta dube ni.

"Kai, wannan ai sun cuce ka. Miƙo min nawa na kan taga."