Dutsen giranda da laifin da ake ɗora wa yaran shago

Yanzu da na ajiye aikin ƙarfe, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda maigida ke kwance murfin giranda, wato injin yanka da goge ƙarfe, da hannunsa, ya ɗaura mata dutsen da ya fi ƙarfinta, ranar da dutsen ya tarwatse kuma a ce yaro ne bai iya riƙo ba. Duk wanda ya yi koyon sana'a a rumfunan Panteka ta Kaduna ko wajejen Ƙofar Ruwa a Kano ya san maganar da ake yi: murfin yana tare ido, yana hana dutse kaiwa lungu, kuma ragowar babban dutse ai kuɗi ne, ba za a yar ba.

Ga lissafin da ba a faɗa wa ɗan koyo. Ramin tsakiyar dutse mai faɗin milimita 115, da na 125, da na 230 duk ɗaya ne, milimita 22.23, shi ya sa babban ke zama daram a kan ƙaramar giranda. Amma ƙaramar tana juyi wajen sau 11,000 a minti guda, alhali iyakar da aka rubuta a jikin dutsen 230 ba ta wuce 6,600 da 'yan kai ba. An ƙera waɗannan duwatsu ne don bakinsu ya yi gudun mita 80 a daƙiƙa. Ka ɗora na 230 a ƙaramin inji, bakinsa zai haura mita 130, ƙarfin da ke neman yaga shi kuma ya kusa ninka uku, domin yana ƙaruwa fiye da yadda gudun ke ƙaruwa. Tun bai taɓa ƙarfe ba yana iya fashewa. Ko da ya cinye ya koma 150, har yanzu ya zarce iyaka, kuma ba zai shiga cikin murfin ba, to daga nan ake fara kwance murfi. Murfin nan kuwa shi ne kaɗai ke tsakanin ɓarɓashin dutse da wuya ko cinyar mai aiki. Ba ƙwarewar hannun da ke kare mutum daga wannan, kuma wanda ya ba da umarnin ya fi kowa sani. Dokar masana'antu ta ƙasar nan ta wajabta killace duk sashen inji mai haɗari, kuma wannan nauyi yana wuyan mai wurin. Duk da haka yaron da aka ɗinke wa fuska shi ake zare wa ido, har a cire kuɗin dutse a sallamarsa.

Dutsen kansa yana da wa'adi. Wanda aka haɗa da danƙo, irin na girandar hannu, shekara 3 ce rayuwarsa daga ranar ƙira, kuma akan buga watan ƙarewa da shekara a zoben ƙarfen da ke tsakiya. A duba kafin a biya kuɗi. Wanda ya kwana cikin laimar damina, ko ya faɗi ƙasa, ko bakinsa ya gutsure, a karya shi gida biyu kafin a jefar, in ba haka ba wani zai tsince shi ya ɗaura. Na yanka siriri ne, daga milimita 1 zuwa 3, a tsaye yake shiga ƙarfe, ba a kwantar da shi a yi goge da gefensa, don zaren da ke riƙe da shi ne ake cinyewa. Na goge ya kai 6, ana karkata shi digiri 15 zuwa 30. Idan ana yanka bututu ko rodi, a tokare shi ta yadda yankan zai riƙa buɗewa. In ya rufe ya matse dutsen, injin zai yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi. Hannun gefe kuma a bar shi a wurinsa, a kama da hannu biyu.

Girandar teburi sha'aninta daban. Kafin a ɗaura sabon dutse, a rataye shi a yatsa a ƙwanƙwasa da ƙotar katako. Lafiyayye yana yin ƙara garau, mai tsaga kuwa sai ka ji ƙarar ta mutu. A sa takarda mai kauri a kowane gefe tsakanin dutse da ƙarafan da ke matse shi, kada a tamke noti da ƙarfin tsiya. A kunna, a koma gefe, a bar shi ya yi minti 1 yana juyi shi kaɗai. Tazarar dutse da wurin ɗora aiki kada ta wuce milimita 3, ana matso da shi yayin da dutsen ke cinyewa, domin ta wannan giɓin ne ƙarfe ke shigewa ya ja yatsa. Alminiyom yana toshe fuskar dutsen ƙarfe ya sa shi zafi, a nemo nasa.

Sai matsalar da ta fi damunmu a nan, wato ɗauke wuta. Aka ɗauke ana cikin aiki, yaro ya ajiye giranda makunninta a kulle, ya tafi salla. Da an kawo wuta ko an tayar da janareta, sai ta tashi ta bi ƙasa. Da zarar wuta ta tafi, a kashe makunni, a zare filogi. Haka ma lokacin canza dutse. Manyan injuna kuwa a sa musu makunnin da ba ya tashi da kansa sai an sake dannawa, mai gyara ya kulle akwatin wuta da kwaɗo, makullin yana aljihunsa.

Sauran a taƙaice. A injin sassaƙar ƙarfe da na huda ba a sa safar hannu, ba riga mai faɗin hannu, ba zobe, kuma ba a barin makullin matse aiki a jikin kan injin. Tarkacen sassaƙa da ƙugiya ko buroshi ake janye shi bayan inji ya tsaya. Tabarau kaɗai bai isa wajen yanka ba, a ƙara da garkuwar fuska. Lokacin hunturu a riƙa hure ƙurar da ke toshe ramukan iska. In giranda ta fara tartsatsi daga ciki a duba kabon, wato 'yan gawayin da ke kai wuta cikin injin, in tana kakkarwa ko kuka a canza boris tun koyil bai ƙone ba.