Sandar giyar Bitil ɗina: aikin Asabar ta uku

'Yan uwa masu koyon gyaran tsofaffin motoci, barkanmu da war haka. Wancan makon na bar ku a kan cewa kayan rage zangon sandar giya sun iso, yau ga inda aka kwana.

Ga wanda bai bi mu tun farko ba, motar Volkswagen Beetle ce, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Legas tun daga 1975, injinta a baya, giya huɗu da ribas. Abin da ya dame ni da ita shi ne nisan da hannu yake yi daga giya ta biyu zuwa ta uku, ga kuma sandar tana lilo kamar muciya a cikin tukunya. Na ɗauka kayan nan za su magance duka biyun. Ashe ba haka ba ne, kuma wannan shi ne abin da nake so ku riƙe kafin ku kashe kuɗinku.

Kayan ba su da yawa: wani faifan alminiyam mai kauri, da zobe da ake zura wa sandar, da dogayen kusoshi biyu. Aikinsu kawai su ɗaga wurin da sandar take juyawa a kai. Idan wurin ya hau sama, ɓangaren ƙasa ya ƙara tsawo, sai ɗan motsin hannu ya tura ƙarfen da ke tafiya zuwa giyabos da nisa. Masu ƙera su suna cewa zangon yana raguwa da wajen kashi 40 cikin ɗari. Amma abin da ka rage a nisa za ka biya shi da ƙarfin hannu, kuma babu abin da ya canza a cikin giyabos.

Da na kwance kusoshi biyun da ke riƙe da gindin sandar da sifana 13, na zare sandar da sifirin da farantin da ke ƙarƙashi, sai na haska tocila cikin ramin. Doguwar sandar da ke tafiya har baya wajen giyabos tana ratsa wani bushin na roba, wato zoben da ke riƙe ta kada ta yi rawa, a ɗan bayan ramin. Nawa ya narke ya zama gari, ƙarfe na gugar ƙarfe. Na sa yatsa na taɓa, sandar tana rawa sama da ƙasa. A nan lilon yake. Da na ɗora sababbin kayan a haka, da lilon yana nan, sai dai ma lalubo giya ya ƙara wuya tunda wurin ya matse.

Canza bushin ɗin shi ya ci mini yini. Sai ka ɗaga kujerar baya, ka buɗe ɗan murfin da ke kan tudun tsakiya, ka kwance mahaɗin da ya riƙe doguwar sandar da giyabos. Sannan ka buɗe murafun gaba, na wajen safaya da na kan firam, domin sandar ta samu hanyar fita. Daga nan kuma sai haƙuri: da fulaya mai dogon baki kake kama ta ta cikin ramin, kana tura ta gaba kaɗan-kaɗan. Wani dattijon bakanike a unguwarmu, wanda ya yi zamani da waɗannan motoci, ya leƙo ya ce, "Yaro, ɗaura mata igiya a wutsiya kafin ka tura, in ba haka ba dawo da ita zai sa ka kuka." Na ce, "To Baba, Allah ya saka da alheri." Igiyar nan ita ta cece ni wajen mayarwa. Na goge tsatsar sandar da sanfefa, na shafe ta da giris, na danna sabon bushin da zobensa har ya zauna. Robobin mahaɗin baya ma sun tsattsage, na canza su tun da hannuna yana wurin.

Ɗora sababbin kayan kuwa bai kai rabin awa ba.

Inda na yi kuskure shi ne farantin nan na ƙasa. Shi ne mai tsare ribas. A Bitil sai ka danna sanda ƙasa, ka kai ta hagu, ka ja baya kafin ribas ta shiga, wato tana maƙwabtaka da giya ta biyu, kuma farantin ne kaɗai katangar da ke tsakaninsu. Gefensa mai tudu yana kallon dama, ɓangaren fasinja. Na sa shi daidai, amma na ɗaure kusoshin ba tare da na saita shi ba. Da na fita gwaji a layinmu, ina saukowa daga ta uku zuwa ta biyu sai na ji ƙarar haƙora, gurrr, har cikin ƙirjina. Sandar ta leƙa ribas mota tana tafiya gaba. Allah ya sa a hankali nake, kuma ƙafata tana kan kuloci.

Na dawo na sassauta kusoshin, na sa giya ta biyu, na miƙar da sandar yadda ba ta karkata hagu ko dama ba, na tura farantin hagu da sukudireba har ya taɓa kafaɗar sandar, sannan na ɗaure. Sau uku na maimaita kafin ta zauna, domin motsin da bai kai kaurin farce ba yana iya hana giya ta ɗaya shiga ko ya buɗe wa ribas ƙofa. Ku gwada duka giyoyin mota a kashe kafin ku hau titi, don Allah.

Yanzu giya tana shiga da ɗan ƙas mai daɗin ji, wuyan hannu kawai ke aiki. Ta yi nauyi fiye da da, musamman da safe kafin mai ya yi ɗumi, kuma na lura in na yi gaggawar jefa ta biyu tana ɗan turjewa. Wannan zoben tagullar cikin giyabos ne, mai daidaita gudun haƙoran giya kafin su haɗu, ya tsufa, gajeren zango kuma yana sa hannu ya riga shi. Don haka nake ɗan dakatawa a firi kafin in shigar. Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan juye man giyabos in duba abin da ya taru a jikin noti na ƙasa.