Yadda Na Rufe Ruwan Goro da Ruwan Madara a Ɗakin Kwana

'Yan'uwa masu koyon aikin fenti, assalamu alaikum. Wata uku ke nan da na shafa wa ɗakin kwananmu launin ruwan goro da hannuna, kuma a makon nan na rufe shi da wani launi, shi ya sa na ga ya dace in rubuta muku yadda aikin ya gudana tun kowane mataki yana raina.

Gidanmu yana Ƙofar Ƙaura a nan Katsina. Ɗakin ƙafa 12 ne tsawo da faɗi, tsayin bango ƙafa 10, kuma taga ɗaya gare shi wadda ke fuskantar yamma. Tagar nan ita ce ban sa cikin lissafi ba. A shago na zaɓi launin daga katin da ake nuna wa masu saye, inda kowane launi bai wuce faɗin akwatin ashana ba, kuma a wannan girman ruwan goro ya burge ni ƙwarai. Da yake a watan Janairu na shafa, lokacin da hazo ya tare rana, ɗakin ya yi ɗumi a ido kuma na yi murna. Amma da bazara ta kankama, daga la'asar zuwa magariba rana kan shigo kai tsaye, bango huɗu su riƙa mayar wa juna da jan haske, har farin zanen gado ya koma ja-ja, mutum ya ji kamar yana zaune gaban murhu. Da dare kuma, ƙarƙashin ƙwan lantarki mai jan haske, launin yakan dishe ya zama kamar laka. Uwargida ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai dai na lura ta mayar da ninkin kaya da karatunta na yamma falo. Ranar da na gane dalili, na yanke shawarar sake fentin.

Wannan karon sai da na gwada. Na sayi ɗan kaɗan na launi uku, ruwan toka da shuɗin sararin samaniya da ruwan madara, na shafa kowanne sau biyu a kan babban kwali, na bar farin gefe kewaye da shi domin kada ruwan goron bango ya ruɗi idona. Kwana uku ina yawo da kwalayen daga bango zuwa bango, ina duba su da hantsi, da azahar, da la'asar, da kuma dare. Ruwan toka ya yi kyau da safe, amma da yamma ya yi duhu ya nauyaya kusurwar da gado yake. Shuɗin ya ba ni sha'awa da rana, sai dai da dare ya yi sanyi fiye da yadda nake so a wurin barci. Ruwan madara ne kaɗai ya riƙe kamanninsa a kowane lokaci. Ku duba lambar da ke jikin kwalin ƙwan ɗakinku ma, domin mai 2700K ko 3000K haskensa ya karkata ga rawaya, mai 6500K kuwa fari ne tas mai ɗan shuɗi, kuma launi ɗaya yakan fito daban a ƙarƙashin kowannensu. Ina cikin gwajin ne na tuna ɗakin kakata a Daura, wanda farar ƙasa kawai ake shafa masa, ga taga ƙarama, amma da rana ba a buƙatar fitila a ciki. Makuba tana waje tana tsare bango daga ruwa, fari yana ciki yana tara haske, kuma ina ganin magabata sun san abin da suke yi.

Ranar Alhamis na tattara kaya tsakiyar ɗaki, na rufe su da leda, na shimfiɗa tsofaffin buhuna a ƙasa. Niyyata ita ce in ɗora sabon fenti kai tsaye, sai wani dattijo maƙwabcinmu da ya daɗe a sana'ar ya leƙo, ya shafa bangon da tafin hannu, ya ce, "Ɗana, wannan mai sheƙi ne, fenti ba ya kama santsi. Kashe sheƙin da sanfefa tukuna." Na ce, "To, Baba." Na sa takunkumi, na bi bango huɗu da sanfefa mai lamba 120, ba don in kankare launin ba, sai don sheƙin ya mutu. Na cike ramukan ƙusa da fila, na goge ƙurar da ɗanyen tsumma, na bar bango ya bushe. Wannan shiri shi kaɗai ya cinye yinin, kuma shi ne ya fi kowane mataki wahala.

Ga lissafin fenti. Kewayen ɗakin ƙafa 48 ne, idan aka ninka da tsayi 10 aka cire ƙofa da taga, abin da ya rage ya kai kimanin murabba'in mita 40. An rubuta a jikin gwangwanin da na saya cewa lita ɗaya tana rufe kusan murabba'in mita 10, ke nan galan ɗaya mai lita 4 ne kowane shafi. Na sayi galan ɗaya na farin shafin ƙasa, wato fentin da ake fara shafawa kafin ainihin launi, da biyu na ruwan madara, na juye biyun cikin bokiti ɗaya na gauraya sosai, saboda fentin da aka haɗa da hannu yakan ɗan bambanta daga galan zuwa galan. An ba ni shawarar in ƙara ruwa da yawa don ya yi auki, amma na tsaya kan gwargwadon da aka rubuta, domin fentin da ya tsinke ba zai iya rufe launi mai ƙarfi ba.

Kuskurena na biyu ya zo ranar Juma'a. Na fara shafin ƙasa bayan an sauko daga masallaci, cikin tsananin zafi da busasshiyar iska, sai fentin ya riƙa bushewa kafin in haɗa layi da layi, bangon gabas ya fito da sawun rola a jere. Bayan ya bushe, ruwan goron yana leƙowa ta ƙarƙashin farin kamar inuwa. Na so in ƙara lafta fenti nan take, amma na haƙura, domin shafi mai kauri yakan zubo ya bar hawaye a bango.

Ranar Asabar na fara bayan sallar asuba. Na yayyafa ruwa a tsakar gida don ƙura ta kwanta, na bi sawun jiya da sanfefa a hankali, na zagaye kusurwoyi da gefen silin da burushi mai inci 2, sannan na bi da rola tun gefen yana ɗanye. Na kammala kowane bango kafin in taɓa na gaba, kuma bugun ƙarshe daga sama zuwa ƙasa nake yin sa ba tare da dannawa ba. Shafi na biyu na bar shi sai safiyar Lahadi, kuma na ɓare tef ɗin takardar da na manna a gefuna tun fentin bai gama ƙanƙamewa ba, layin ya fita sumul.

A yanzu bango uku sun rufu sarai. Saman taga ne kawai, idan rana ta karkata, ake ganin ɗan ja-ja mai faɗin tafin hannu biyu, kuma zan ƙara masa shafi na uku ranar Asabar in Allah ya kai mu, tare da fentin mai na jikin ƙofa. Ragowar ruwan madarar na zuba shi a kwalba, na rufe da kyau, na rubuta sunan launin da ranar da aka haɗa shi. Jiya da la'asar na tarar da uwargida zaune bakin gado tana ninke kaya, labule a ɗage.