Na Je Oxford Neman Asibitin Truelove

Taron likitocin ciki da hanji ne ya kai ni Ingila, amma tun daga Kano abin da ke raina shi ne in ga inda likita Sidney Truelove ya yi aiki. Duk likitan da ya taɓa kwana a kan mai gyambon babban hanji ya san sunan nan.

Jami'in da ya duba fasfo ɗina a filin jirgi ko gaisuwata bai amsa ba. Ya karanta takardar gayyata, ya dube ni sama da ƙasa, ya tambayi ranar komawata. Na faɗa. Can kuma ya sake tambaya, wai ko zan canza baki. A gida ko mai tare ka a hanya sai ya fara cewa sannu.

Da aka tashi taro na taka zuwa titin Woodstock. Radcliffe Infirmary, asibitin da Truelove ya yi aiki, yana nan tsaye, sai dai tun 2007 aka rufe shi a matsayin asibiti, jami'a ta karɓi ginin. Babu warin magani, babu 'yan jinya zaune a tabarma, kekunan ɗalibai ne kawai jingine da bango. A nan aka fara yi wa majinyaci allurar fenisilin a 1941. Daga nan kuma Truelove da Leslie Witts suka fitar da bincikensu na 1955: masu gyambon babban hanji sama da 200, aka ba wasu kotizon, maganin rage kumburi, wasu aka ba su ƙwayar da babu magani a ciki, aka gwada. Masu kotizon suka fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Ma'aunin da suka kafa na gane tsananin ciwon har gobe da shi muke aiki: bayan gida mai jini sau shida ko fiye a yini, ga zazzaɓi, ko bugun zuciya ya haura 90 a minti, ko jini ya yi ƙasa, to a ba shi gado, ba a sallame shi da ƙwayoyi ba. Abin da ya burge ni, ma'auni ne da ba ya neman wata na'ura mai tsada. Mu a wajenmu matsalar tana gaba da nan. Duk gudawa mai jini sai a ce atini ce, a yi ta ɗirka wa mutum Flagyl har ya rame kafin wani ya tuna a leƙa hanjin.

Shayi kofi ɗaya a kusa da wurin, fam huɗu! Na fara lissafi da naira, na bari don kada ya fita raina.

Ranar Juma'a na yi salla a masallacin Manzil Way, na gangara titin Cowley neman abincin halal. Mai gidan abincin dattijo ne ɗan Bangladesh. Da ya ji ni likita ne, hira ta ɓarke, na ce masa ai ɗan ƙasarsu, Azad Khan, shi ne tare da Truelove suka gano a 1977 cewa sinadarin 5-ASA ne ke aikin a cikin salfasalazin, tsohon maganin gyambon babban hanji, daga nan aka samu sabon magani mesalazin. Dattijo ya dafa ƙirji, ya kira yaronsa ya ƙaro shinkafa da naman rago. Da na ciro kuɗi ya riƙe hannuna: "Ɗan'uwa, yau kai baƙona ne." Na yi, na yi, ya ƙi. Mesalazin ɗin nan kuwa yawancin majinyatana ba sa iya sayensa wata biyu a jere.

Landan ruwan sama ne da cunkoso, ban ga komai ba sai tashar jirgin ƙasa. Na sayi takalma wa yara, jakata ta yi nauyi, aka caje ni.