Gyaran fenti a Suame

Yau na raka ƙanina Suame Magazine, unguwar makanikai a Kumasi, da tasinsa, wadda wani yaro a unguwar Aboabo ya fesa wa fenti a fili, cikin ƙurar hunturu. Ruwan ɗorawar nan ta tasi duk ta yi dalala, yashi ya manne a ciki. Mai garejin, dattijo mai furfura, ya shafa ƙofar da tafin hannu, ya sa farce, sai fentin ya ɓare har ƙarfe. Ya ce, "Ɗana, ko firaima, wato shafen farko na ƙarƙashin fenti, ba a yi mata ba." Ya jiƙa samfefa a bokiti ya fara gogewa da kansa, a hankali, yaransa na kallo.

Wallahi tausayin ƙanina ya kama ni. Guminsa ne ya tafi, ga motar za ta yi kwanaki ba aiki, kuma da ita yake ciyar da gida.