Daga gemun auduga zuwa dandali

Gemun auduga ne kayan aikina na farko. Ina ɗan shekara tara a cikin birnin Kano, azumi ya kai goma an fara tashe, manyan yaran unguwarmu suka rasa wanda zai fito a tsoho a wasan Tsoho da Gemu. Suka liƙa mini auduga a haɓa da ƙaro, suka zura mini tsumman babbar riga, suka ba ni kara in dogara. A gida na uku da muka shiga, rabin gemun ya saɓule yana reto. Na tsaya cak ina kallonsa, na ɗaga kai na dubi matan gidan, na sake mai da ido kan gemun. Wata tsohuwa da ke shan kunu ta ƙware don dariya, sai da aka bubbuga mata baya. Daren nan mun samu gero fiye da kullum. Ko uffan ban ce ba, kuma sai da na girma na gane cewa tsayawar nan da na yi ce ta jawo dariyar.

Wanda ya koya mini sana'ar ɗan kama ne, irin waɗanda ke ɗauko waƙar manyan makaɗa su juya ta ta koma kirarin tuwo da miya da fura. Shekara biyu ina ɗaukar masa jaka zuwa gidajen biki da suna, bai taɓa barina na buɗe baki a gaban jama'a ba. Abin da yake sa ni kawai shi ne in je Kasuwar Kurmi in zauna.

"Yaro, je ka kawo mini tafiya uku," haka yake cewa.

Sai in wuni ina kallon yadda dillali ke sa hannu cikin hannun riga in ana ciniki, yadda mahauci ke jefa ƙafa, yadda mai bin bashi ke rage sauri in ya hango ƙofar wanda yake bi. Da yamma in dawo in yi masa a zaure. In ya gane ko wane ne ba tare da na faɗa ba, na ci. In bai gane ba, gobe in koma. A lokacin ina ganin wahalar da ni yake yi. Yau duk abin da na ci da wannan sana'a, daga zaman kasuwar nan ya fito.

Da na tasa sai na shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta matasa. Zamanin kowa na son ya zama Samanja, saboda yadda Usman Baba Pategi ya mamaye rediyo da talabijin daga Kaduna, ga kuma gidan talabijin na CTV da aka buɗe a Kano zamanin gwamna Abubakar Rimi. Mu dai dandalinmu filin makarantar firamare ne, labulenmu zanen gado biyu a kan igiya. Ba mu da rubutaccen wasa. Mukan zauna mu tsara labari da baki, kowa ya san inda zai shiga da inda zai fita, sauran kuma sai abin da Allah ya kawo bakinka. Sana'ar ba ta da daraja a idon mutane da yawa. Da na je neman aure, sai da kawuna ya yi sawu uku kafin a yarda cewa ɗan wasa ma yana iya riƙe gida.

Bayan an kafa MAMSER, hukumar wayar da kan jama'a ta gwamnatin tarayya, a 1987, wasannin wayar da kai suka yawaita, ana kwasarmu a mota zuwa ƙauyuka. Wasan da na fi so a rayuwata a nan na yi shi. Ina fitowa a maigida mai taurin kai wanda ɗansa ke gudawa, matarsa ta ce a haɗa ruwan gishiri da sukari, shi kuma ya ce ai ya fi ta sani. Sai in cika tafin hannu da gishiri in nufi kwano a hankali, ina satar kallon 'yan kallo. Kafin hannuna ya kai, mata sun miƙe suna ihu: "Kai! Zai kashe yaron! Ɗan kaɗan ake sawa!" In tsaya in ce, to nawa ne? Su da kansu za su faɗi awon, wata ta gyara wa wata, har ma'aikaciyar lafiya ta fito ta tabbatar. Abin da mutum ya koya wa wawa da bakinsa, ba ya mantawa da shi.

A irin wannan yawon ne kuma na yi kuskuren da har yau yake ci mini rai. Ina da wata fitowa ta mai i'ina, wadda ke kawo dariya ko'ina. A wani ƙauye na fara ta, sai na lura yara ba ni suke kallo ba. Duk sun juya suna nuna wani yaro a sahun gaba, ɗan kimanin shekara goma, ya sa kai tsakanin gwiwoyinsa. Na gani da idona, amma daɗin tafi ya ja ni na ƙarasa. Muna naɗe labule sai ga wani dattijo ya yi sallama, ya miƙo mini hannu.

"Malam, mun gode da wasa, Allah ya saka. Ku yanzu za ku hau mota. Shi kuwa yaron nan, gobe da waɗannan yaran zai zauna a makarantar allo."

Bai ƙara komai ba ya juya. Da na dawo na ba maigidana labari, lokacin tsufa ya kama shi. Ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce: "Kai Bakano ne. In ka tsokani Bazazzage, yana da bakin ramawa. Bafillace da Babarbare, jika da kaka, duk haka suke, kowa na da abin faɗa. Wannan yaron da me zai rama?" Daga ranar na ajiye wannan fitowa. Na ci gaba da taɓa mai rowa, da mai kwaɗayi, da ɗan siyasar da ba a ganinsa sai zaɓe ya zo, kuma dariya ba ta ragu ba.

Da finafinan bidiyo suka kankama a Kano bayan 1990, na gwada, ban ji daɗinsu ba. Na saba in jira dariya ta sauka kafin in jefa magana ta gaba, kyamara kuwa ba ta dariya. Shi ya sa nake jinjina wa marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014: yana iya auna inda mai kallo zai yi dariya alhali babu kowa a gabansa sai masu ɗauka.

Yanzu gwiwa ba ta barina faɗuwar da nake yi da. Samari masu barkwanci a waya suna zuwa gaishe ni, su ce Baba a ba mu sirri, ni kuma in tura su kasuwa su kawo mini tafiya uku. Kaɗan ne ke dawowa. A azumin bara 'yan tashe suka shigo gidana, tsohonsu ɗan ƙarami, ya liƙa gemunsa da salatif ya kama gam. Na kira shi gefe, na ɗan ɓanɓare masa gefe ɗaya, na raɗa masa cewa in ya saɓule kada ya taɓa, ya tsaya ya ƙirga uku a zuciyarsa. Suka shiga gidan maƙwabcina, ni kuma na jingina da katanga ina saurare.