Yadda na kai gwamnatin jiharmu ƙara ina zaune a Jidda

Filin da na saya da gumin shekara shida a shagon wani Balarabe, shi gwamnatin jiharmu ta soke takardarsa wai hanya za ta bi ta wajen, diyya kuma shiru. Ranar da ƙanena ya kira ni ina majalisarmu bayan isha, Kawu da ya fi shekara 30 a Saudiyya ya ce ɗana ka bar wa Allah, ba a shari'a da mai gari, gwamna yana da rigar kariya. Na ce Kawu ai ko nan akwai Diwanul Mazalim da ake kai ƙarar hukuma, sai a gida ne za a ce babu?

Lauyan da na samu ta WhatsApp shi ya warware min. Sashe na 308 na tsarin mulkin 1999 mutumin yake karewa, shugaban ƙasa da gwamna da mataimakansu, amma ana iya saka kujerar gwamna a ƙara. Kuma tunda jiha ce ta ƙwace ba tarayya ba, babbar kotun jiha za mu je, wlh da ni kaɗai ne da kotun tarayya zan nufa in yi asarar shekara guda. Na rubuta wa ƙanena takardar wakilci na aika.

Lauyoyin gwamnati suka taso da dokar nan mai kare ma'aikatan gwamnati, wadda ta ce in wata uku ya wuce ba ka shigar da ƙara ba shi ke nan, ni kuwa na yi wata bakwai ina jiran alkawarin baki, daren nan ban runtsa ba. Allah ya taimake ni dokar ba ta hawa kan rigimar fili, amma don Allah duk wanda motar gwamnati ta buge ko aka kore shi aiki kar ya zauna jiran sulhu, ya ga lauya tun makon farko.

Mun yi nasara, alƙali ya ce a biya diyya. Nan fa na ga ainihin rigar kariyar, don kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai Antoni Janar ya amince, sashe na 84 na dokar zartar da hukunci, wato ofishin da ya tsaya yana jayayya da kai a kotu shi za ka roƙa. Mun rubuta sau biyu. Hukuncin na nan a wayata, duk ƙarshen wata in na karɓi albashi sai na cire riyal ɗari biyu na tura wa lauya ya sake bibiya.